Ni Ce Na Tsare Masa Ƙofa

Akwai wani fayil a cikin kwamfutata da na daɗe ina jin nauyin kallonsa, domin kwanan watan da ke gefensa ya tsaya a kan 14 ga Maris, 2020, bai kuma gusa daga nan ba sai bayan wata 19. Na sha buɗe shi a tsakanin wannan lokaci, in karanta shafi ɗaya ko biyu, in rufe ba tare da na ƙara masa ko harafi guda ba. Maƙala ce da wata mujallar ilimi ta dawo mini da ita domin in yi gyara, kuma ita ce ta biyar a cikin shida da ake buƙata a jami'ar da nake koyarwa kafin mutum ya nemi ƙarin girma zuwa matsayin babban malami. Ina ba da wannan labari ne saboda ƙannena mata da suka shigo aikin koyarwa a jami'a, da kuma mazajensu, domin abin da ya same ni a lokacin annobar korona bai zo da kamannin zalunci ba, babu kuma wanda ya yi niyyar cutar da ni, shi ya sa na daɗe ban gane shi ba.

An haife ni a Aboabo, cikin unguwannin Zango na Kumasi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar goro ne, zuriyar fataken da suka biyo hanyar Salaga daga ƙasar Hausa har suka yi kaka-gida a Asante, mahaifiyata kuwa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi tun daga asuba. Mu bakwai ne, ni ce mace ta farko a cikinmu. A wancan zamani ba kowane gida ne yake barin 'ya mace ta wuce firamare ba, kuma da malaminmu ya tako har gida ya roƙi a bar ni in ci gaba, mahaifina ya amince bisa sharaɗi biyu: kada in bar makarantar allo, kada kuma sana'ar mahaifiyata ta tsaya saboda ni. Na cika su duka biyun. Da dare nakan tace gasara, in surfa wake, in wanke tukwane, sa'annan in ɗauki littafi idan barci bai riga ni ba. Yayyena maza kuwa, da zarar an ga littafi a hannun ɗayansu sai mahaifiyata ta ce, "Ku bar shi, karatu yake yi," a aiki wani. Ban taɓa jin haushin haka ba, domin haka na buɗe ido na tarar. Abin da ya zauna mini a rai ba tare da kowa ya faɗa mini ba shi ne, karatun namiji aiki ne da ake kauce masa, nawa kuwa abu ne da ake yi da ragowar lokaci, in an sami ragowar.

Da wannan ragowar lokacin na yi digiri na farko da na biyu, na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, na kuma kammala digirin digirgir a fannin nazarin zamantakewa a shekarar 2018. Maigidana shi ma malamin jami'a ne, a fannin tattalin arziki, mutum mai sauƙin kai wanda bai taɓa hana ni karatu ba, hasali ma shi ya riƙa tura ni. Bincikena a kan 'yan matan da ake kira kayaye ne, masu dakon kaya a ka a kasuwar Kejetia da kewayenta, waɗanda galibinsu daga arewacin Ghana suke zuwa, daga ƙasar Dagomba da ta Mamprusi. Sunan ma rabinsa namu ne, domin kalmar "kaya" ta Hausa aka haɗa da kalmar mutanen Ga mai nufin mace. Na shafe shekara biyu ina bin mata 40 daga cikinsu, na san inda suke kwana, na san wadda take adashe da wadda take tara kuɗin kayan ɗaki, suna kirana Anti, wasu kuma Mma.

Wanda ba ya cikin aikin jami'a zai ɗauka koyarwa ce ake auna malami da ita. A takarda ana duba koyarwa da bincike da hidimar al'umma, amma kowa a cikinmu ya san cewa maƙalolin da aka buga a mujallu masu tantancewa su ne suke buɗe ƙofa, su ake aika wa farfesoshin waje su yi hukunci a kansu, kuma su ne masu ba da tallafin bincike suke fara ƙirgawa. A farkon 2020 ni da maigidana matsayinmu ɗaya. Yana da maƙala biyar, ina da huɗu da kuma wadda ake jiran gyaranta, har mukan yi raha a kan wanda zai riga wani.

Ranar 12 ga Maris aka tabbatar da mutum biyu na farko masu cutar korona a Ghana. Daren Lahadi 15 ga wata Shugaba Nana Akufo-Addo ya yi wa ƙasa jawabi, aka rufe makarantu da jami'o'i daga washegari, aka dakatar da taruka har da sallar jam'i a masallatai, sa'annan ranar 30 ga Maris dokar kulle ta hau kan Accra da Kumasi. Kafin ta fara aiki, iyayen yarinyar da take zaune da mu, 'yar ƙanwar mahaifiyata wadda take karatu a wurina tana kuma kama mini aiki, suka aiko a mayar da ita Tamale, kuma ban ga laifinsu ba. Aka bar ni da yaro ɗan shekara 11, da yarinya 'yar shekara bakwai, da auta mai shekara biyu da ban daɗe da yayewa ba. Gaskiya zan faɗa, a makon farko har daɗi na ji, na ce a raina ga dama ta samu, babu cunkoson hanya, babu taron sashe, zan gama gyaran nan cikin kwana goma.

A gidanmu akwai wani ƙaramin ɗaki da muka zuba littattafai muka sa tebur guda, shi kaɗai ne wurin da mutum zai rufe ƙofa ya yi tunani. Mun yi shawara za mu riƙa karɓa-karɓa, shi da safe, ni da yamma. Cikin kwanakin nan wasu abokan aikinsa suka gayyace shi su rubuta maƙala a kan yadda annobar za ta taɓa ƙananan 'yan kasuwa, mujallu kuwa a lokacin rububin duk abin da ya shafi korona suke yi, suna tantancewa cikin gaggawa. Ya ce mini mako biyu kawai yake buƙata, na ce Allah ya taimaka. Wata rana da hantsi ina tsugune ina wanki, auta ta rarrafa matakala ta kai ƙofar ɗakin tana bubbugawa da cokali, na tashi da kumfa a hannuna na ɗauke ta, na juya na daka wa manyan tsawa na ce, "Ku bar shi, Babanku aiki yake yi." Sai da maganar ta fita na ji ta da muryar mahaifiyata. Na tsaya jim kaɗan da yarinyar a kafaɗata, na koma kan wankina. Mako biyun nan bai ƙare ba sai bayan shekara guda da rabi, domin kowace maƙala tana haifar da wata, kuma babu ranar da ya ce kada in shiga ɗakin. Ni ce na daina tambaya, ni ce kuma na tsare masa ƙofar.

An ɗage kullen ranar 20 ga Afrilu, bayan mako uku, amma makarantun yara ba su buɗe ba sai Janairun 2021, kuma wannan shi ne abin da masu cewa kullen Ghana gajere ne suke mantawa. Kullum ni ce mai cika bokitin wanke hannu da muka ajiye a bakin ƙofa, irin mai famfo da ake kira bokitin Veronica, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro. Ni ce mai zaunar da yara gaban talabijin idan an fara darasi a tashar Ghana Learning TV, in kuma sake koya musu abin da ba su gane ba. A gefe guda jami'a ta ce a ci gaba da koyarwa ta intanet. Ɗalibaina da yawa suna ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa, wasu kuma ba su da kuɗin data da zai ɗauki Zoom, don haka na koma naɗar lacca da murya ina turawa ta WhatsApp. A cikin kicin nake naɗa, bayan na rufe taga, kuma sau da yawa sai na maimaita minti goma sau uku saboda kukan auta ya shiga ciki. Da dare kuma ɗalibai mata su yi ta kira, wannan mahaifinta ya rasa aiki, waccan ana so a aurar da ita tunda makaranta ta tsaya, wata kuma kuka kawai take so ta yi a kunnen wanda zai saurara. Ba sa kiran malamai maza da irin wannan, ni ma da ni ce su ba zan kira ba. A takardar neman ƙarin girma babu gurbin da ake rubuta waɗannan sa'o'i.

Azumin shekarar ya faɗo daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, babu tarawihi a masallaci, babu tafsiri, kowa yana gida, girkin sahur da na buɗa-baki kuma yana nan yadda yake. Na yi dabara in riƙa tashi ƙarfe biyu na dare in yi aiki kafin in ɗora tukunya. Nakan kifa turmi in ɗora kwamfutar a kai, in zauna a kujera 'yar tsugune, in buɗe sharhin masu tantancewa. Ɗayansu ya nemi in sake fasalin hujjata gaba ɗaya, aikin da yake buƙatar mutum ya riƙe abubuwa da yawa a kansa lokaci guda na tsawon sa'o'i. Sai in karanta sakin layi ɗaya sau huɗu ban san abin da ya ce ba, in farka da goshina a kan gwiwata, ana kiran sallar farko. A nan na gane cewa ana iya wanke kwano da minti goma-goma, ana iya duba takardun jarrabawa haka, amma ba a rubuta bincike da guntun lokaci.

Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni surukata ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti gidanmu aka kawo ta, domin maigidana ne babban ɗa, 'ya'yanta mata kuma ɗaya tana aure a Accra ɗaya a Yendi. Babu wanda ya zauna ya raba aiki, domin kowa ya san ɗa namiji ba ya yi wa mahaifiyarsa wanka, ba ya sauya mata zane, ita ma da ta mutu da kunya. Ina ƙaunar Hajiya, ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, kuma ko yau aka dawo da ita zan sake yi mata abin da na yi. Likita ya ce a riƙa juya ta duk bayan sa'a biyu saboda gyambon kwanciya, a kuma riƙa rubuta awon jininta da lokacin magani, sai na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta na fara. Wani lokaci idan ina shafa mata mai takan kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce da harshenta da ya yi nauyi, "'Yata, karatunki fa?" in ce, "Yana nan, Hajiya, ba ya gudu." Ta rasu a watan Fabrairun 2021, daidai lokacin da cutar ta sake tashi aka maido da dokar taƙaita jana'iza zuwa mutum 25. Duk da haka 'yan gaisuwa ba su yanke ba har sadakar arba'in, kuma wanda ya zo sai ya ci abinci.

Abin da ya fi ci mini rai a duk tsawon lokacin nan shi ne, matan da nake bincike a kansu suna cikin mafi tsananin halin da suka taɓa shiga, ni kuma ina jin labarin ta waya ina tuƙa tuwo. Da kasuwa ta tsaya ba su da abin ci, domin abin da suka samu da rana shi suke ci da dare. A farkon kullen an tare wata motar ɗaukar kaya a garin Ejisu da ke kusa da Kumasi, an tarar da kayaye a ɓoye cikinta suna ƙoƙarin komawa arewa. Waɗanda nake bi suka riƙa kirana, ina tura musu ɗan abin da ya sawwaƙa ta MoMo, wato hanyar aika kuɗi ta waya, ina cewa a raina gobe zan zauna in rubuta abin da suke faɗa mini. Wani abokin aikina ya nemi in haɗa shi da wasu daga cikinsu, ya kuma yi mini adalci, ya ce in rubuta sashe ɗaya cikin mako uku a sa sunana tare da nasa. Mako ukun ya wuce ban rubuta layi ba. Maƙalar ta fito da sunansa, da godiya gare ni a ƙarshe cikin ƙananan haruffa. Na karanta ta, aiki ne mai kyau, sai dai babu ko kalma a kan yadda mace mai haila take yi a ɗakin da mutum goma sha suke kwana babu kuɗin banɗakin haya, babu kuma maganar masu gadin da suke neman lalata da su kafin su bar su su kwana a gaban shago. Ba za su faɗa wa namiji wannan ba, shi ma bai san zai tambaya ba. Ita kuwa mujallar da take jiran gyarana, sau biyu na roƙi ƙarin lokaci aka ba ni, a karo na uku kunya ta hana ni, wa'adin ya wuce.

Na daɗe ina ɗora wa kaina laifi. Na ɗauka lalaci ne, ko kuwa dama can ban cancanci wurin ba, sa'a ce ta kawo ni. Sai wata abokiyar aikina ta turo mana wasu rahotanni a zaurenmu na malamai mata, na zauna na karanta su a dare ɗaya. Tun cikin Afrilun 2020 mataimakiyar editan wata mujallar falsafar kimiyya a Ingila, Elizabeth Hannon, ta bayyana cewa maƙalolin da mata suke aiko musu sun kusa ɗaukewa a watan, kuma ba ta taɓa ganin irin haka ba. Wani bincike da ya fito a mujallar Nature Human Behaviour a tsakiyar shekarar ya tambayi masana kusan 4,500 a Amurka da Turai, ya gano cewa sa'o'in aikinsu sun sauka daga 61 zuwa 54 a mako, amma raguwar lokacin bincike ta mata ta ɗara ta maza da kashi 5 cikin 100, ta masu yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa kuma ta ɗara ta sauran da kashi 17. Wasu kuma sun duba rumbun SSRN, inda masana zamantakewa da tattalin arziki suke ajiye maƙalolinsu kafin a buga, suka ga cewa cikin mako goma na farkon kulle a Amurka yawan aikin gaba ɗaya ya ƙaru da kashi 35, amma na mata ya faɗi da fiye da kashi 13 idan aka kwatanta da na maza. Daga baya aka fitar da nazarin mujallu 2,329 na kamfanin Elsevier, wanda ya nuna cewa daga Fabrairu zuwa Mayun 2020 maƙalolin da aka aika sun ƙaru da kashi 30 a kan na watannin a 2019, amma rabon mata a ƙarin bai kai na maza ba, kuma mata masu ƙarancin shekaru a aikin su suka fi jin jiki.

Adadin nan na kashi 35 shi ya tsaya mini a wuya. Ashe annobar ba ta rage rubutu a duniya ba, ƙara shi ta yi. Lokacin da na rasa bai ɓace ba, yana nan a ɗakin da ke bayan kicin ɗina, ya zama maƙaloli masu ɗauke da sunan wani. Kuma yawancin matan da aka ƙirga a binciken nan suna ƙasashen da inji yake wanki, ruwa ba ya ɗaukewa, ba a kuma kawo wa mace surukarta ta yi jinya wata takwas.

Ko da yara suka koma makaranta ban farfaɗo nan da nan ba. Jami'o'i suna ta cusa zangon karatu a kan zangon karatu domin cike giɓin da aka samu, jikina kuma ya gaji irin gajiyar da barci ba ya kawarwa. Ga shi maƙala daga ranar da aka aika ta zuwa ranar da za ta fito takan ɗauki shekara ko fiye, don haka wanda bai shuka a 2020 ba, rumbunsa a 2022 ne zai nuna. A ƙarshen 2021 maigidana yana da maƙala tara, takardar ƙarin girmansa ta fito. Muka yi walima, ni na dafa wake da shinkafa da tuwon zafi na mutum hamsin, na yi masa murna har cikin zuciyata, sa'annan na shiga banɗaki na buɗe famfo domin kada a ji kukana. Cikin makon ne wani babba a tsangayarmu, da yake duba takardar bayanin aikina ta shekara, ya ɗago kai cikin fara'a ya ce, "Dakta, me ya faru a 2020 da 2021? Ai lokacin ne kowa ya sami sararin rubutu." Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara, na ce zan ƙara ƙoƙari.

A daren nan, bayan yara sun kwanta, na ɗauko littafin jinyar Hajiya na shiga ɗakin karatu ba tare da na ƙwanƙwasa ba. Na ce, "Malam, ina da magana." Na ajiye littafin kusa da takardar ƙarin girmansa, na ce ya duba rubutun hannun da ke ciki. Ya riƙa buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe goma sha biyu, ƙarfe biyu, ƙarfe huɗu, wata takwas cur, duk da hannuna, sai 'yan wurare ƙalilan da shi ya rubuta a ranakun da muka kai ta asibiti. Ya daɗe bai ce komai ba, da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Uwargida, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Na yi ta juya tambayar nan tun daga ranar. Ta wani gefen yana da gaskiya, domin ban faɗa ba, an rene ni a kan cewa mace ta gari ba ta ƙirga abin da ta yi wa gidanta. Ta wani gefen kuma a gida ɗaya muke, yana jin ƙarar tabarya, yana ganin abinci yana zuwa masa har tebur, kuma mutumin da sana'arsa ita ce lissafin abin da kowane kaya ya ci kafin ya iso kasuwa bai taɓa tambayar abin da shirun ɗakinsa ya ci ba. Na faɗa masa haka, ya karɓa. Shi da kansa ya kawo hadisin da Nana A'isha ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, ya ce ya sha karanta wa mutane shi a wurin ɗaurin aure.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Abin da muka yi shi ne, muka rubuta ranaku muka manna a ƙofar ɗakin, Talata da Alhamis da safiyar Asabar nawa ne, a ranakun shi yake kai yara makaranta ya ɗauko su, ya kuma san abin da za su ci. 'Yan uwansa sun yi ta magana, har wata ta ce na shanye shi, ya yi kunnen uwar shegu. A watan Oktoban 2021 na riga na sake taɓa fayil ɗin nan sau ɗaya cikin fushi, amma sai da ranakun suka tabbata na iya zama na warware shi, na aika wa wata mujalla a matsayin sabon aiki, ya fito a 2023.

A wurin aiki kuwa na daina yin shiru. Ana yawan nuna mana cewa mata sun kai ƙololuwa, kuma gaskiya ne: Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta shugabanci Jami'ar Cape Coast daga 2008 zuwa 2012, Farfesa Rita Akosua Dickson ta karɓi ragamar babbar jami'ar kimiyya ta Kumasi a Agustan 2020, cikin tsakiyar annobar, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo kuma ta Jami'ar Ghana a 2021. Ina alfahari da su, amma hawansu bai rage wa ƙaramar malama mai goyo ko kwano ɗaya ba. Da aka kawo shawara a wani taro cewa a yi koyi da jami'o'in Amurka da suka ƙara wa ƙananan malamai shekara guda a kan wa'adin da ake auna aikinsu saboda annoba, na miƙe na ce a yi hattara, domin tun 2018 wani bincike a kan manyan sassan tattalin arziki na can ya nuna cewa idan aka ba uwa da uba ƙarin lokaci iri ɗaya saboda haihuwa, mazan ne suke cin riba, su yi rubutu da lokacin, matan kuma su yi reno da shi. Abin da na nema shi ne a buɗe gurbi a takardar bayanin aiki inda mutum, mace ko namiji, zai rubuta nauyin jinya ko reno da ya ɗauka, masu hukunci su karanta shi kafin su ƙirga maƙaloli, a kuma rage wa wanda abin ya shafa kwasa-kwasan koyarwa na zango ɗaya. Har yanzu maganar tana gaban kwamiti.

Takardar ƙarin girmana ta fito a 2024, shekara uku bayan ta maigidana, kuma shekara ukun nan za su bi ni a albashi da fansho da ranar da zan iya neman matsayi na gaba. Da na koma Kejetia da littafina domin in ɗora daga inda na tsaya, mata 14 kawai na samu daga cikin 40. Wasu an ce sun yi aure a ƙauye, wasu sun gangara Accra, wasu babu wanda ya san inda suka shiga. Akwai wata daga wajen Walewale, mai goyon ɗa namiji, wadda ta kira ni sau uku a makon farko na kulle tana cewa, "Mma, akwai abin da nake so in faɗa miki, ki rubuta," ni kuma kowane karo ina ce mata zan kira ta idan na sauke tukunya. Lambarta tana nan a wayata. A watan jiya na sake gwadawa, wani mutum ya ɗauka, ya amsa mini da harshen Twi cewa shekara biyu ke nan da ya sayi layin.